An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Sharhi Kan Jitar da Sautinta Ya Dagule

 Sharhinmu na yau na makaɗa ne, musamman samarin nan da suka rungumi jitar lantarki. Amma masu gyaran rediyo da waya su ma su matso kusa, don rabin maganar tasu ce. Iyayenmu da ba sa son jin sunan jita kuma su yi mana haƙurin 'yan mintoci. Abin da za mu tattauna ilimin waya ne da maganaɗisu, irin wanda ake koyarwa a makarantar sana'a ta ATTC da ke nan Kokomlemle a Akara tun 1966.

Ƙorafin da ake kai wa masu gyara kusan iri ɗaya ne. Yaro zai shigo shago da jita a kafaɗa ya ce, "Masta, ba ta fita." Ba wai ba ta ƙara ba, ƙara kam tana yi har maƙwabta su yi tsaki. Nufinsa shi ne idan ya kaɗa tsirkiya uku ko huɗu tare ba a rarrabe su, sai a ji su a dunƙule, ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da lomar tuwon zafi a baki. Kafin masta ya ce uffan, yaron ya riga ya yanke hukunci: fikof ɗin ne ba shi da kyau, a canza shi, ko kuwa a raba masa koyil yadda ya gani a YouTube. Ni kuwa abin da na zo faɗa yau shi ne, galibi an bar jaki ne ana dukan taiki. Fikof shi ne na ƙarshe da ya kamata a tuhuma. Raba koyil kuma ciniki ne, ka ba da wani abu ka karɓi wani, kuma a irin wutar gidajenmu cinikin yakan zo da faɗuwa.

Me ya sa kunnenmu a ƙasar nan ba ya jure dagulallen sauti? Saboda kiɗan da ya raine mu. Tun 1928, da Kwame Asare da ƙungiyarsa ta Kumasi Trio suka ɗauki Yaa Amponsah a faifai a Landan, jitar hailaif take tafiya a kan salon yatsa biyu, babban yatsa da manuniya, salon da aka koya daga matuƙan jirgin ruwa 'yan ƙabilar Kru na Laberiya. Daga nan aka bi ta kan E.K. Nyame, aka zo kan Nana Ampadu da African Brothers da ya kafa a 1963, da su Ebo Taylor. A wannan kiɗan jita biyu ko uku ne ke saƙa da juna, kowacce da 'yar gajeriyar jimlarta da take maimaitawa, wannan na shiga inda waccan ta bari. Idan tsirkiya ɗaya ta shige cikin 'yar uwarta, saƙar ta warware. Samarin da yanzu suka kamu da son jitar Agadas su ma a nan suka faɗo. Mdou Moctar, wanda ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, Stratocaster yake riƙewa, kuma saurin yatsunsa ba ya jin daɗin saurare sai kowace tsirkiya ta tsaya da ƙafarta.

Akwai kuma dalilin da ya sa yaranmu suke neman amsa a wajen Baturen da bai taɓa jin zafin Akara ba. Layin Tip Toe da kuke zuwa sayen waya a bakin Sakul, sunan gidan rawa ya gada, inda manyan ƙungiyoyin hailaif suka yi tashe a shekarun 1960 da 1970. Dokar hana fitar dare da aka sa bayan juyin mulkin ƙarshen 1981 ta ɗauki shekara biyu da wani abu, ta kashe gidajen rawa, ga harajin shigo da kayan kiɗa ya yi nauyi. Makaɗa da yawa suka tafi Legas da Landan da Hambog, wasu suka shige coci, kibod da ganga ta na'ura suka maye gurbin mutum biyar. A nan igiyar koyo ta tsinke. Tsoffin makaɗan da suka san yadda ake saita jita da sukundireba da kunne ba su sami yaran da za su miƙa wa ba. Yau sai yaro ya ɗauki darasi daga mai kiɗan rok a Amurka, wanda kiɗansa daban, ɗakinsa daban, wutar gidansa daban.

To bari mu buɗe cikin abin. Fikof shi ne ɗan akwatin nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi. Ba makirfo ba ne, ba ruwansa da iska. A cikinsa akwai maganaɗisu da siririyar wayar jan ƙarfe, kaurinta wajen milimita 0.06, an naɗa ta sau dubbai. Tsirkiyar ƙarfe tana girgiza a saman maganaɗisun, sai 'yar wuta ta taso a cikin naɗin, amfilifaya ta karɓa ta girmama. Fikof ɗin Stratocaster da kamfanin Fender ya fitar a 1954 koyil ɗaya ne, naɗi wajen 8,000. Sautinsa tas, amma yana da aibi: yana tsintar gurnanin wutar lantarkin da ke yawo a ɗaki. Wutar ƙasar nan tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wannan ne "huuum" ɗin da kuke ji idan an yi shiru tsakanin waƙa da waƙa.

Wani injiniyan kamfanin Gibson, Seth Lover, ya nemi rajistar maganin wannan a 1955, kuma a 1957 aka fara sa shi a jitar Les Paul. Ya jera koyil biyu gefe da gefe, kowanne naɗi wajen 5,000, ya juya fuskar maganaɗisun ɗaya, ya kuma juya hanyar da wuta ke bi a cikinsa. Gurnanin da ya shiga na farko sai ya ci karo da wanda ya shiga na biyu su kashe juna, sautin tsirkiya kuwa ya haɗu ya ƙara ƙarfi. Shi ne hambaka. Dabara ce mai kyau, amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Yawan waya yana sauko da inda fikof ya fi ƙarfi. Mai koyil ɗaya yakan yi tsininsa tsakanin girgiza 3,000 zuwa 5,000 a daƙiƙa, wurin da kunne ke jin kaifi. Hambaka yakan sauko tsakanin 2,000 da 3,000. Ga shi kuma ya fi faɗi, yana sauraren tsirkiya a wuri biyu, sai wasu ƙananan amo na sama su soke juna. Don haka hambaka ya fi kauri, wannan halittarsa ce. Amma kauri daban, dagulewa daban. B.B. King ya yi shekaru da hambaka a jitarsa ta Gibson, ba wanda ya taɓa cewa bai ji tsirkiyarsa ba.

Idan haka ne, ina kaifin yake ɓacewa? Ƙanena, kafin ka taɓa waya ko ɗaya, zare kebul ka kaɗa jitar haka nan ba wuta. Idan a haka ma ta dushe, babu fikof a duniya da zai dawo da abin da tsirkiya ba ta bayar ba. Akara bakin teku ce. Laima da gishirin iska da gumin hannu suna cin tsirkiya da wuri, datti ya cika tsakanin naɗin manyan tsirkiyoyi uku, su mutu suna kan jita. Na san sabon saiti kuɗi ne, amma bai kai kuɗin fikof ba. Kuma a daina sa wa jitar lantarki tsirkiyar jitar katako mai ruwan tagulla don ita aka samu da araha. Maganaɗisu ba ya kama tagulla, sai manyan tsirkiyoyin su yi rauni, ƙananan su yi ta tsawa.

Sai kebul, kuma a nan nake so in daɗe, don a nan mafi yawan jitocin bikinmu suke mutuwa. Kowane kebul na jita yana shanye wani abu daga kaifin sauti, gwargwadon tsawonsa. Masu lissafi suna auna wannan da fikofarad, kuma kebul na kasuwa yana da wajen 100 a kowace mita. Mai mita 3, ba laifi. Amma ku dubi yadda muke yi a wajen awure ko suna: an kafa kanofi an tare layi, makaɗa suna wannan gefe, mai miksa yana can ƙarƙashin baranda, sai a jawo kebul na mita 10 ko 15, wani lokaci ma guda biyu aka ɗaure aka naɗe da salatif. Mita 10 ta zama fikofarad 1,000. Wannan kaɗai ya isa ya ja tsinin hambaka ƙasa har ya rasa haske. Gwajin ba ya cin ko sisi: ari gajeren kebul mai kyau, ka tsaya gab da amf, ka kaɗa abin da ka saba kaɗawa. Da yawa a nan shari'ar take ƙarewa.

Abin da ya fi wannan muni shi ne inda ake cusa kan kebul ɗin. Ramin shigar amfilifayar jita an yi shi da juriya ta om miliyan 1, don kada ya danne 'yar wutar da fikof ke kawowa. Ramin layi na miksa kuwa, wanda aka yi don kibod da na'urar sa faifai, wajen om 10,000 ne. Ku dubi tazarar. Idan ka sa jita kai tsaye a wannan rami, kaifin ne ke fara tafiya, sai kaurin ya rage. Mai miksa zai ga sauti ya yi ƙasa, ya ƙara gen, kaurin ya ƙaru, gurnani ya biyo baya, sannan ya murɗa tirebul har ƙarshe yana neman abin da bai taɓa isowa wurinsa ba. Maganin ɗan akwati ne da ake kira DI, irin mai aiki da batir ko da wutar miksa, ana samunsa a shagunan kayan sauti na Zongo Lane. In babu, feda irin ta Boss mai batir a ciki, ko ba a taka ta ba, tana riƙe sautin ta tura shi da ƙarfi, muddin gajeren kebul ne tsakaninta da jita. Dogon kebul ya biyo bayanta, ba gabanta ba. Wasu miksocin kuma suna da rami ko maɓalli da aka rubuta Hi-Z, na jita ne, amma sai ka ga ƙura ta rufe shi ba wanda ya taɓa tambayar amfaninsa.

Amf ɗin ma a duba shi. Muna da son bes a unguwanninmu, kowa ya samu maɓalli sai ya kai shi goma. A ɗakin atisaye mai bangon siminti, an ajiye amf a ƙasa a lungu, bango biyu da daɓe suna ƙara masa kauri. Ga mai jitar bes, ga hannun hagun mai kibod, duka suna cunkushe a wuri guda, tsakanin girgiza 200 zuwa 400. Ɗora amf a kan kujera, janye shi daga lungu, rage bes zuwa uku ko huɗu, rage gen. Kai kaɗai za ka ji kamar jitar ta rame. Bari sauran su shigo, za ka ji ta fito.

Yanzu sai mu zo jikin jitar, amma har yanzu ba a kunna ƙarfen narka dalma ba. Kowane fikof yana da noti biyu a gefe da ke ɗaga shi ko sauke shi. Yara suna ɗaga shi har ya kusa taɓa tsirkiya don su sami ƙara, musamman na wajen wuya, inda tsirkiya ta fi lilo kuma kauri ya fi yawa. Danne tsirkiya a firet na ƙarshe, ka duba tazarar da ke tsakaninta da kan fikof. Wajen milimita 2 zuwa 2.5 ne mafarin kirki. Sauke ɓangaren manyan tsirkiyoyi fiye da na ƙanana, rabin juyi rabin juyi, kana kaɗawa kana saurare. Hambaka yana da ƙananan notoci shida a fuskarsa. Idan ka sauke akwatin gaba ɗaya sannan ka ɗan ɗago waɗannan, sautin yakan buɗe. Wannan gyara kyauta ne, kuma ni a ganina ya fi rabin abubuwan da ake saye da kuɗi amfani.

Sai an wuce duk wannan za a buɗe murfin baya. Masta, a nan aikinka ya fara. Bayan maɓallin bolum akwai lamba. Hambaka yana son 500k, mai koyil ɗaya yana son 250k, domin ƙaramar lamba tana zubar da kaifi zuwa ƙasa, kuma Fender yana da kaifin da zai zubar, hambaka ba shi da shi. Jitocin gwanjo da ke sauka a Tema sun bi hannu da yawa kafin su iso mu. Ba abin mamaki ba ne ka tarar wani ya sa hambaka a jikin da aka yi wa mai koyil ɗaya ya bar 250k a wurin. Gibson da kansa ya koma 300k a shekarun 1970, kuma masu waɗannan jitocin da yawa sun mayar da su 500k. Kada a yarda da rubutun kawai, a auna da maltimita, amma a cire wayar fikof daga ƙafar bolum tukuna, in ba haka ba fikof ɗin za ka auna ba bolum ba.

Kusa da maɓallin ton akwai ɗan kafasita. Lambarsa ƙanana ce, sai an sa tabarau. 223 shi ne 0.022, wanda aka saba sa wa hambaka. 473 shi ne 0.047, ya fi duhu idan an rage ton. 104 shi ne 0.1. 224 kuwa, wanda lamba ɗaya ta raba shi da 223, ya ninka shi sau goma. Mai gyaran rediyo da ya ciro shi daga tsohon allo zai iya sa wannan a madadin wancan da zuciya ɗaya, jitar kuma ta rufe da zarar an taɓa ton. Haka idan dalma ta zuba ta haɗe ƙafafu biyu na ton ɗin, kafasita zai zauna a kan sauti dare da rana ko maɓallin yana goma. Ƙurar hunturu da tsatsa su ma suna shiga cikin bolum da ramin jak, a fesa musu ruwan wanke kontak, a murɗa sau da yawa. Wanda kuma ƙorafinsa shi ne sauti na dagulewa idan ya rage bolum kaɗai, ba ciwo ba ne, haka da'irar take. Ɗan kafasita mai lamba 102 tare da rizista 150k a tsakanin ƙafar shiga da ƙafar tsakiya ta bolum yana magance shi.

To yaushe laifin yake zama na fikof? Akwai lokacin. A 1972 DiMarzio ya fitar da Super Distortion, hambaka mai naɗi da yawa da maganaɗisu mai ƙarfi, yana auna wajen 13k, alhali na Seth Lover wajen 8k ne. Seymour Duncan JB ya haura 16k. An yi su ne don su tura amf ya yi kururuwar rok, kuma a wannan aikin ba su da laifi. Jitocin araha masu kaifin ƙaho da baƙin fenti da ke cika shaguna wannan salon suke kwaikwayo, da waya mai yawa da murfin ƙarfe mai kauri wanda shi ma yana cin kaifi. Yaro ya saya don ta yi kyau a hoto, sannan ya zo yana son ta yi masa Yaa Amponsah. Sa maltimita a kan kebul, bolum a goma, zaɓi fikof ɗin wuya. Idan ka ga 14k ko 15k, to yanzu ne maganar raba koyil ta sami wurin zama.

Raba koyil ba wani sihiri ba ne. A hambaka wuta tana shiga koyil na farko, ta fita ta shiga na biyu. Idan aka ɗauki mahaɗar da ke tsakaninsu aka kai ta ƙasa ta hanyar makunni, koyil ɗaya ya yi shiru, ɗaya ya rage yana aiki. Galibi ana amfani da bolum mai makunni a gindinsa, ka ja maɓallin sama ya rabu, ka danna ya koma hambaka, ba sai an huda jikin jita ba. Sharaɗin farko, fikof ɗin ya kasance mai waya huɗu da ta biyar tsirara. Idan waya ɗaya ce cikin saƙaƙƙiyar riga ta ƙarfe, mahaɗar tana can ciki, kuma buɗe ta aikin mai haƙuri ne, don wayar naɗin in ta tsinke a ciki fikof ya tafi.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne launin wayoyin, domin kamfanonin ba su yi shawara da juna ba. A Seymour Duncan baƙa ce mai kai sauti, kore da tsirara su tafi ƙasa, ja da fara su ne mahaɗa. A DiMarzio ja ce mai kai sauti, kore ƙasa, baƙa da fara mahaɗa. A Gibson ja ce mai sauti, baƙa ƙasa, kore da fara mahaɗa. Na Sin marasa suna kuwa kowa da nasa. Wanda ya bi zanen wani kamfani a kan fikof ɗin wani zai iya juya koyil ɗaya, sai sauti ya fito siriri ta hanci, gurnani kuma ya ninku maimakon ya mutu. Ko ya ja maɓalli jita ta yi tsit. Ko kuma mahaɗar da ba a naɗe da kyau ba ta taɓa bayan bolum, fikof ya zauna a rabe har abada mai shi bai sani ba. Kada a yi canke. Maltimita za ta nuna wace waya da wace ce koyil ɗaya, domin su ne za su ba da rabin adadin. Bayan an gama, 8k ya koma wajen 4k idan an ja maɓalli. A ɗan ƙwanƙwasa kan ƙarafan fikof da bakin sukundireba, layin da ya amsa da ƙarfi shi ne mai aiki.

Amma me yaron ya samu? Ya samu rabin hambaka, bai samu Stratocaster ba. Koyil ɗin da ya rage naɗinsa wajen 5,000 ne ba 8,000 ba, maganaɗisunsa kuma falle ne kwance a ƙasa, ba sanduna shida a tsaye irin na Fender ba. Ƙara ta faɗi, sautin ya rame, 500k ɗin da ya taimaki hambaka yanzu ya sa abin ya yi tsami a kunne. Abin dariyar shi ne hambaka mai zafi, irin 16k ɗin nan, shi ya fi kyau idan an raba, don rabinsa ya kai cikakken mai koyil ɗaya. Mai 8k kuwa, wanda dama bai cika dagulewa ba, in an raba shi sai ya zama abin tausayi.

Sannan gurnanin da Seth Lover ya kora ya dawo, kuma a nan ne darasin Amurka yake yaudararmu. Gidajen haya da yawa a Nima da Mamobi an ja musu waya ɗaki bayan ɗaki, shekara bayan shekara, wayar ƙasa da masu wayarin ke kira at ko babu ita ko ta ruɓe. Soket ɗaya na ɗauke da firij da fanka da cajar waya biyar. Ƙwan fitila na araha da caja marar kyau suna watsa ƙara a iska. A wajen biki kuma janareta ne, wanda tun zamanin dumso, lokacin yawan ɗauke wuta, muka saba da shi, ba a kafa masa sandar ƙasa. Koyil ɗaya a irin wannan wuri duk abin da ke yawo sai ya tsinta. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

A nan dole in tsaya in yi magana da babbar murya. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da jikin amf ta cikin kebul. Idan amf ya sami matsala kuma babu at, wutar volt 230 tana iya biyowa ta hannunka, musamman in leɓenka ya taɓa makirfo da ke kan wani soket. Leslie Harvey na ƙungiyar Stone the Crows a kan dandamali wuta ta kashe shi a 1972 a Swansea. Keith Relf, tsohon mawaƙin Yardbirds, a gidansa ya rasu a 1976 yana riƙe da jita. Don Allah kada wani ya karya ƙafa ta uku ta fulogi wai don gurnani ya ragu. Idan kana jin tsirkiya tana ɗan cizon ka, ajiye ta ka kira mai wayarin. Amf mai kwalba kuma yana riƙe wuta a ciki ko an zare shi daga soket, ba wurin koyon hannu ba ne.

Ga wanda ya bi duk matakan nan kuma har yanzu fikof ɗin wuyansa ya yi kauri, akwai hanyoyin da na fi so a kan rabawa zalla. Da waɗannan wayoyi huɗun za a iya jera koyil biyun kafaɗa da kafaɗa maimakon ɗaya bayan ɗaya, abin da masu gyara ke kira faralel. Maltimita za ta nuna rubu'in adadin, 8k ya koma 2k, 16k ya koma 4k. Sautin ya washe, ƙara ta ɗan ragu, amma koyil biyun suna nan suna kashe gurnani. Ga mai hailaif da ke kiɗa a kan janareta, wannan ya fi masa. Abin lura kawai, faralel yana cinye ɓangare biyun makunnin, don haka kowane fikof da nasa maɓallin, alhali makunni ɗaya yana iya raba fikof biyu.

Wanda ya nace sai rabawa, to kada a kai mahaɗar ƙasa kai tsaye, a bi da ita ta rizista. Kamfanin PRS yana amfani da 1.1k da 2.2k a irin wannan. Koyil na biyu bai mutu gaba ɗaya ba, ya bar ɗan jiki a sautin, ya kuma rage wani abu daga gurnanin. Rizista kuwa a Zongo Lane ko a teburin kowane mai gyara a Tip Toe ba ta kai kuɗin koko da ƙosai ba. In fikof biyu za a raba tare, a bar koyil mai noti a ɗaya, a bar mai sanduna lami a ɗayan, ta yadda idan makunnin zaɓi yana tsakiya su biyun za su sake zama hambaka su yi shiru. Idan kuma kaurin manyan tsirkiyoyi ne kaɗai damuwar, kafasita mai lamba 472 a jere a kan wayar da ke kai sautin fikof ɗin wuya yana rage abin da ke ƙasa da girgiza 100 ko kusa da haka, 222 kuma ya yanke fiye da nan. A gwada da 'yan maƙalai kafin a sa dalma.

Masta, kafin ka karɓi kuɗin bolum mai makunni, auna zurfin ramin jitar, don ya fi na kullum tsawo kuma jiki marar kauri ba ya ɗaukarsa, murfin ba zai rufu ba. Duba faɗin hudar ma, na Amurka ya fi na Asiya kauri, kada a zo ana ƙwaƙule fenti da wuƙa. Kai kuma ƙanena, ran da za ka je karɓar jitar, tafi da kebul ɗinka da fedarka, a gwada a soket ɗin shagon, sannan ka sake gwadawa a inda kake kiɗa kafin ka biya cikon kuɗin.